Sili-ɗaya-ƙwale a tsakiyar gonakin masara

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa makon farko na Maris, duk mai wata hidima da ni da yamma sai dai ya yi haƙuri. Uwargida ta sani, abokan aiki sun sani. Yayana da ke Samaru shi kuma yakan tashi sallar asuba ya tarar da saƙon murya a WhatsApp, muryata a dishe, ganguna na tashi a bayana, ina ba shi labarin wasan da bai tambaye ni ba. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Kai dai Allah ya shirye ka. Ƙwallon kwandon 'yan matan sakandare?"

E, ita fa. Ina zaune a wani ƙaramin gari a jihar Iowa, can tsakiyar Amurka, ina aiki da wani kamfanin irin masara. Garin duka-duka titi ɗaya ne mai shaguna, sai dogon rumbun hatsi da ake hangowa tun daga nesa, sai coci-coci, sai makaranta. Ba ni da 'ya a ƙungiyar makarantar. Amma a ƙungiyar 2025, mai lamba 12 'yar maƙwabcina ce, ita ke kwashe mana dusar ƙanƙara a ƙofar gida in na yi tafiya. Wadda ta fi kowa iya ƙwace ƙwallo ita ce ke karɓar kuɗi a gidan mai ranar Asabar. Doguwar cikinsu kuwa, a gonar ubanta muke gwajin iri. Da wuya mutum ya zauna a benci ya kalli yaran da ya sani haka, ya ce ba ruwansa da wanda ya ci.

Kakar wasa tana farawa ne a ƙarshen Nuwamba, kowace makaranta ta buga wasa kamar ashirin da 'yan kai da makarantun da ke kewaye da ita. Waɗannan ina zuwa in na samu hali. Wanda ba na fashi shi ne abin da ke biyo baya. An raba makarantun jihar aji biyar bisa yawan ɗalibai, daga 1A na ƙananan garuruwa zuwa 5A na manyan birane. Kowane aji an kasa shi shiyya takwas, kuma kowace makaranta tana shiga, ko da ba ta ci wasa ko ɗaya ba duk shekara. Daga nan sili-ɗaya-ƙwale ne. Aka cinye ku, kun gama, a tattara riguna a mayar wa koci. Zakarun shiyyoyin su ne ke tafiya Des Moines, babban birnin jihar: ƙungiyoyi 40, wasanni 35, daga Litinin zuwa Asabar, a babban zauren da aka daɗe ana kira Wells Fargo Arena, wanda a 2025 sunansa ya koma Casey's Center. Casey's ɗin nan gidan mai ne mai rassa a kusan kowane ƙauyen Iowa, kuma mutanen nan suna rantsuwa da fizarsa.

Wasan shiyya da bakwai na dare ake farawa. Na riga na saba: in tashi aiki, in yi magariba a gida, in sa riga kan riga kan riga, in tafi. A waje sanyi na yankar kunne, kana tura ƙofar zauren wasan zafi da ƙamshin gugguru su tare ka. Iyayen yara ne ke sayar da abinci a wata 'yar taga don tara wa makaranta kuɗi. Iowa ce kan gaba a Amurka wajen kiwon alade, don haka kusan duk abin da ke kan wuta a tagar nan ba nawa ba ne. Matar da ke wurin ta gane ni, tana hango ni take cika ledar gugguru ta miƙo, ba tambaya. Ɗalibai masu bushe-bushe da ganguna suna kusurwa ɗaya. Samarin makarantar, waɗanda gobe ko jibi su ma za su buga nasu wasan, suna tsaye a bayan kwando sun yi shigar ban dariya, aikinsu kawai su rikita duk baƙuwar da ta zo jifan kyauta. A yi taken ƙasa, kowa ya miƙe, manoma su cire hula. Sai alƙali ya cilla ƙwallo sama.

Wasan kansa gajere ne. Zango huɗu, kowanne minti takwas. Wadda ta yi laifi biyar ta fita ke nan, sai benci. Tun kakar 2022 zuwa 2023 aka sa agogon daƙiƙa 35, wato dole ƙungiya ta yi jifa kafin ya cika. Kafin zuwan agogon nan na ga koci ya sa yaransa sun riƙe ƙwallo suna ba-ni-in-ba-ka har minti biyu don kawai suna gaba da maki huɗu, jama'a na ihu, shi ko a jikinsa. Tsofaffi da yawa sun yi ƙorafin agogon, wai ya kashe dabarar ƙananan ƙungiyoyi. Ni dai na yi murna da shi. Wanda ya fito cikin wannan sanyi ya biya kuɗin ƙofa ya cancanci ya ga ana wasa.

Wurin zamana a layi na uku ne daga ƙasa, kusa da wata tsohuwa da ta haura saba'in, mai zuwa da matashin zama da ɗan littafi tana rubuta makin kowace yarinya da fensir. 'Ya'yana suna ce mata Kaka, ta kuma karɓi sunan. Daga bakinta na fara jin cewa abin nan da nake kallo ya girmi kowa a zauren. An yi gasar jiha ta farko ta 'yan mata a 1920, a jami'ar Drake da ke Des Moines, garin Correctionville ya ɗauki kofi. A 1925 hukumar wasannin sakandare ta jihar ta ce ta janye hannunta, wai gasar ba ta dace da 'ya mace ba. Shugabannin makarantun ƙauyuka suka ce ba su yarda ba, suka ɓalle suka kafa tasu hukumar ta 'yan mata zalla. Tana nan har yau, kuma a duk Amurka Iowa ce kaɗai ke da irinta. Abin da ya fi burge ni shi ne inda turjiyar ta fito. Manyan makarantun birni sun bi umarni sun ajiye ƙwallon, wasunsu ba su dawo ba sai bayan dokar tarayya ta 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantu. Manoma ne suka ƙi bin umarnin. Mutumin da 'yarsa ke tatsar shanu tun asuba tana ɗaukar damin ciyawa, ba ka isa ka gaya masa gudu a fili zai illata ta ba.

Kaka ta yi wasa a zamaninta, amma irin nasu daban ne. Shida-shida ake bugawa. Uku 'yan gaba, uku 'yan baya, ba mai ƙetare layin tsakiya, kuma ba a buga ƙwallo da ƙasa fiye da sau biyu kafin a miƙa ko a jefa. Ita 'yar baya ce. Shekara huɗu tana wasa, ba ta taɓa jefa ƙwallo a kwando ba ko sau ɗaya, doka ba ta ba ta dama ba, kuma in tana faɗa da alfahari take faɗa. Tun da 'yan gaba uku ne kawai ke jifa, makin da suke tarawa sai ka riƙe baki. Wasan ƙarshe na 1968, wanda duk tsohon Iowa zai ce maka ya kalla, Union-Whitten ta ci Everly 113 da 107 bayan ƙarin lokaci. Jeanette Olson ta Everly ta zuba 76 ita kaɗai, aka kuma cinye su, Denise Long ta Union-Whitten ta zuba 64. Shekara ɗaya bayan nan ƙungiyar maza ta San Francisco Warriors ta zaɓi Denise Long a zaɓen 'yan wasan NBA, gasar ƙwararrun maza ta Amurka, hukumar gasar ta soke zaɓin. Lynne Lorenzen ta garin Ventura ta gama sakandare a 1987 da maki 6,736. An ba makarantu zaɓin komawa biyar-biyar a tsakiyar shekarun 1980, aka yi gasar shida-shida ta ƙarshe a 1993, Hubbard-Radcliffe ta ɗauka. Har yanzu Kaka ba ta huce ba. In yarinya ta ɗauko ƙwallo daga wannan kwando ta tafi da ita har wancan, sai ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce a zamaninsu wannan son kai ne.

Ku lura da sunayen nan masu ƙaramin layi a tsakiya: Union-Whitten, Hubbard-Radcliffe, Newell-Fonda. Kowane layi garuruwa ne da yaransu suka ƙare har aka haɗe makarantunsu. Gonaki sun yi girma, injuna sun maye gurbin hannu, rikicin bashin manoma na shekarun 1980 ya kori iyalai da dama, matasa suka tafi birni. Tamu makarantar ma haɗaka ce. Akwai dattawan da har gobe ba sa zama gefe ɗaya a benci, don garinsu ne aka rufe wa sakandare aka kawo yaran nan. Amma daren wasan ƙarshe na shiyya riga ɗaya suke sawa.

A 2025 mun kai wannan dare. Zauren ya cika tun kafin shida da rabi, mutane har kan matakala. Baƙin sun fi mu tsawo, sun fi mu yawan 'yan benci, kuma sun riga sun cinye mu a Janairu. Aka tafi hutun rabin lokaci suna gaba. A zango na uku doguwarmu ta yi laifi na huɗu, a kan wani abu da har yau ban ga laifin ba, ita dai ta tsaya cak hannu a sama aka zo aka bangaje ta. Na miƙe na faɗa wa alƙalin abin da ke raina da Hausa, wanda shi ne amfanin zama inda ba mai jin yarenka. Koci ya zaunar da ita, ya sako wata 'yar aji tara, siririya, wadda duk shekara sai an gama cin wasa ake sa ta. Hannunta na rawa, daga inda nake ina gani. Ba ta ci ko maki ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne ta manne wa gwanar baƙin, duk inda ta juya tana nan, har yarinyar ta gaji ta ture ta, aka busa.

Saura 'yan daƙiƙoƙi muna baya da maki ɗaya, aka yi wa mai lamba 12 keta a ƙarƙashin kwando. Jifa biyu. Na waiga na ga ubanta, ƙaton mutum mai gyaran tarakta, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi ya ƙi kallo. Uwar kuwa a tsaye take, tana motsa baki. Yarinyar ta goge tafin hannu a wando, ta buga ƙwallo da ƙasa sau uku kamar yadda take yi a gaban garejinsu kullum da yamma, sautin da ya sha hana ni barcin rana. Ta farko ta daki bakin ƙarfen ta yi sama ta faɗa ciki. Ta biyu ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Baƙin suka yi jifan nesa na neman sa'a, ya wuce gefe. Fensirin Kaka ya faɗi ƙarƙashin benci, ba ta ko neme shi ba.

Ana cikin tsalle-tsallen nan, an kawo tsani ana yanka ragar kwando kowace yarinya ta ɗauki zare ɗaya, na kalli ɗaya bencin. 'Yan ajin ƙarshe na baƙin sun rufe fuska da tawul. Wannan ne abin da ya sa wasan sakandare ya fi kama ni a kan na ƙwararru. Ɗan wasan NBA in an fitar da shi, akwai baɗi, akwai albashi. Waɗannan yaran mafi yawansu daga daren nan sun bar ƙwallo ke nan har abada. Wata za ta tafi karatun jinya, wata aikin banki, wata ta gaji gonar gida. Tun suna aji uku na firamare suke wasa tare, kuma ba a gaya musu wane dare ne na ƙarshe sai ƙararrawa ta kaɗa.

Ranar tafiya Des Moines, abin sai ka ce rakiyar alhazai. An rufe makaranta. Motar kashe gobara a gaba tana jiniya, bas ɗin yara a baya, 'yan firamare a bakin titi da kwalaye, shaguna an rubuta lambobin 'yan wasa a jikin gilashi da fenti. Shagon kayan gini ya liƙa takarda a ƙofa cewa sai gobe. Gasar ta shekarar ta faɗo a makon farko na azumi, ga wasanmu da rana, na shiga da niyyar ba zan yi ihu ba don maƙogwaro. Ban ma samu dalilin ihun ba. Zauren ya yi wa yaranmu girma. A gida bango na nan daf da kwando, ido ya saba da shi. A can bayan kwandon fili ne fetal da kujeru, jifa sai ya riƙa gaza kaiwa ko ya zarce. Waɗanda muka haɗu da su kuwa kusan duk shekara suna zuwa, sun san wurin. Kafin yaranmu su dawo hayyacinsu an ba mu tazarar da ba ta kamuwa. Aka cinye mu, cin da ba gardama. Mutanen garinmu suka miƙe suna tafi har yaran suka shige. Na tsaya kallon wasannin yamma, da shida ta gota na ciro dabino daga aljihu na sha ruwa, wani manomi daga wani gari can arewa da ke kusa da ni ya karɓi ɗaya ya ce bai taɓa ci ba.

Duk wanda ya ji Iowa da ƙwallon mata yanzu, Caitlin Clark zai ambata. Da gaskiyarsa. 'Yar West Des Moines ce, ta yi sakandaren Dowling Catholic, ta taɓa zuba maki 60 a wasa ɗaya a 2019, ta je jami'ar Iowa ta kafa tarihin yawan maki a 2024, ƙungiyar ƙwararrun mata ta Indiana Fever ta ɗauke ta a matsayin zaɓi na farko. Amma ba ta taɓa ɗaukar kofin jiha a sakandare ba. Mu mutanen ƙananan garuruwa muna son faɗin wannan, ba don ƙeta ba, don a san gasar ba ta san gwani ba. Tamu gwanar ita ce Audi Crooks, daga ƙaramar makarantar Bishop Garrigan da ke Algona, wadda ta ɗauki kofin 1A a 2022 da 2023, ta zuba 49 a wasan ƙarshe na biyun kafin ta wuce jami'ar Iowa State. Yayana, da ya gaji da ni, na tuna masa cewa D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwandon mata ta Najeriya da yake taƙama da su, masu kofin Afirka biyar a jere zuwa 2025, waɗanda suka kai zagayen kwata fainal a gasar Olamfik ta Paris, da yawansu a irin waɗannan zaurukan sakandare na Amurka suka taso, har da kocinsu Rena Wakama, haifaffiyar North Carolina. Ya ce to, ya ji.

Abin da ke damuna shi ne, a daidai lokacin da sunan Clark ya cika duniya, yaran da ke fitowa wasan a ƙauyukan Iowa raguwa suke yi. A 'yan shekarun nan akwai makarantun da suka soke kakar babbar ƙungiyarsu ɗungurungum don ba su da isassun 'yan wasa. Dalilan a fili suke. Ƙwallon raga ta kulob-kulob tana cin yara duk shekara. An amince da kokawar 'yan mata a matsayin wasan makaranta tun kakar 2022 zuwa 2023, ita ma a lokacin sanyi ake yi, ta ja nata rabon. Ƙwallon kwando kuma wahala gare ta: gudu ba tsayawa, ture-ture, ga kaka mai tsawo, ga yarinyar da ba ta fara tun tana ƙarama ba da wuya ta kamo sauran. Sannan masu hali suna kai 'ya'yansu kulob a birni lokacin bazara da kuɗi masu yawa, sai tazara ta buɗe, wasu wasannin a ci mutum da maki hamsin. Yarinyar da aka yi wa haka sau biyar a jere, baɗi ba za ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Babbar 'yata tana aji shida. Bayan dawowarmu daga Des Moines ta same ni a falo ta ce, "Baba, ni ma zan shiga." Uwarta ta ɗago kai daga kicin, na san tambayar da ke bakinta. Na riga na bincika. Tun 2021 hukumar da ke tsara dokokin wasannin sakandare a Amurka ta ce yarinya na iya wasa da ɗankwali ko hijabi na addini ba sai ta nemi izinin jiha ba, hukumar ƙwallon kwando ta duniya ma ta ɗage nata haramcin a 2017. Kafin a kai nan sai da wasu suka sha wuya, irin su Bilqis Abdul-Qaadir, wadda ta tara maki 3,070 a sakandare a Massachusetts da hijabinta, ta zo shiga wasan ƙwararru dokar ta tare ta. Dogon wando a ƙarƙashin gajere, riga mai dogon hannu a ciki, duk an yarda. Uwargida ta ce sharaɗinta biyu, karatun allo na Asabar ba fashi, kuma ba kwana a wani gari sai da ita. Aka shirya a haka.

Na kafa mata kwando a jikin gareji. Mai lamba 12, kafin ta tafi kwaleji, takan tsallako da yamma ta nuna mata yadda ake ajiye gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallo. Hannun hagun 'yar tawa har yanzu ba ya jin magana, in ta juya hagu ƙwallon gaba take yi ta bar ta. Babbar ƙungiyar kuwa huɗu sun gama, saura doguwar da siririyar nan 'yar aji tara, wadda aka ce ta ƙara tsawo a bazara. Kaka ta lissafa a littafinta ta ce in ba a samu mai jifan nesa ba, zagaye na biyu na shiyya ma da ƙyar. Ni na ce za mu koma Des Moines. Mun yi da ita, wanda ya faɗi shi zai sayi gugguru duk watan Fabrairu.